Ya ce kada in sake buɗe wa nas ɗin bariki ƙofa

Assalamu alaikum Anti. Ni matar soja ce, shekararmu 8 da aure. Muna zaune a bariki da 'ya'yanmu biyu, namiji ɗan shekara 6 da mace 'yar wata 9. Maigidana kofur ne. Wata biyu ke nan da dawowarsa daga fagen daga, bayan ya yi sama da shekara a can. Ya dawo a rame, ga tari, kullum dare sai ya jiƙa zanin gado da gumi. Da ya je asibitin bariki aka gwada majinarsa, aka ce tarin fuka ne, aka ɗora shi a kan magani. Ya sha na sati uku, tarin ya lafa, sai ya ajiye. Ya ce fitsarinsa ya koma ja, maganin ne zai halaka shi. Kuma an sa sunansa cikin masu tafiya kwas na ƙarin girma, yana tsoron a ce ba shi da lafiya a cire shi. Yau kwana 16 rabonsa da maganin. Sau biyu nas mai bin gidaje tana zuwa, tana cewa a kawo yara a duba su, ni ma a duba ni. Ya ce in ta sake zuwa kada in buɗe, wai 'yar rahoto ce, duk abin da ta gani kwamanda take kai wa. Maƙwabta sun fara tambayata abin da ke kawo ta. Na ware masa kwano da kofi, ya yi fushi, ya ce na mai da shi abin ƙyama a gidansa. Ƙaramar kuma kwanan nan ba ta da kuzari, ba ta kama nono kamar da, jikinta na ɗaukar zafi da yamma. Shi ma ba ya samun barci, wani lokaci ya farka a firgice yana kiran sunayen abokan aikinsa, amma ba wannan ne damuwata yanzu ba. Ba na son in saɓa masa, ba na kuma son aikinsa ya lalace ta dalilina. Yaya zan yi?

Matar Kofur

Wa alaikumus salam ƙanwata. Abin da kika ajiye can wajen ƙarshen wasiƙarki shi zan fara ɗaukowa, domin shi ne ba ya jira. Ki goya yarinyar nan ki kai ta asibiti, yau in akwai sauran rana, in babu gobe da sassafe. Da kin shiga ki faɗa musu kai tsaye cewa mahaifinta na da tarin fuka, gida ɗaya suke kwana, kuma ya dakatar da magani. Kada ki tsaya a kan "jikinta ne da zafi", don in haka kawai kika ce, za a iya ba ki maganin zazzaɓi ki dawo gida, ainihin maganar tana nan.

Mai yiwuwa wani abu ne daban ke damunta, jarirai ba sa rasa 'yan laulaye-laulaye. Amma ba ke za ki yanke wannan hukunci a ɗaki ba, ni ma ba zan yanke shi daga nan ba. Tarin fuka a jikin babba yawanci a huhu yake zama, ya yi ta cin mutum a hankali. A jikin yaron da bai kai shekara 5 ba, balle wanda bai kai 2 ba, yana saurin tsallakewa ya bazu cikin jiki ko ya hau ƙwaƙwalwa ya zama sanƙarau. Kuma ba lallai yaro ya yi tari ba. Alamunsa su ne irin waɗanda kika lissafa: kasala, ƙin nono, zazzaɓin da ba ya tafiya, nauyin da ya tsaya cak ko yake raguwa, wani lokaci kaluluwa a wuya. In an yi mata allurar BCG ta rigakafin tarin fuka da aka haife ta, madalla, tana rage haɗarin munanan nau'o'in cutar ga yara ƙanana, sai dai ba katanga ba ce da babu mai haurawa. Idan kuwa kika ga jijjiga, ko wuya ya sandare, ko maɗiga ta kumbura, ko numfashi na sama-sama, ko barcin da ake tashinta da ƙyar, to ko tsakar dare ne ki fita.

Ban ce ki saci jiki ki tafi ba. Ki gaya masa, amma a matsayin sanarwa, cikin ladabi da murya ƙasa: "Baban yara, jikin yarinyar nan ba ya min daɗi, da safe zan kai ta a duba. Ina so mu je tare." Kada ki haɗa da maganar nas, ko kwas, ko maganinsa. Uba da yawa da ba zai motsa don kansa ba yakan miƙe don 'yarsa. In ya ce ba zai je ba, ke ki je. Biyayyar aure ba ta kai ga zuba wa jaririya ido tana ƙanjamewa ba, kuma na tabbata ranar da hankalinsa ya dawo jikinsa ba zai gode miki ba in kika zauna. Idan kina jin tsoron zai ɗaga miki hannu a kan wannan, ki faɗa wa nas ɗin a fili, wannan ma yana cikin aikinta, kuma ta san ofishin da ke kula da walwalar iyalan sojoji.

Yanzu ga ita wannan baiwar Allah da aka rufe wa ƙofa. Hausawa na cewa zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Maigidanki ya bar cutar da ke cin huhunsa, ya huce a kan wadda ta biyo sawu. Nas iri biyu ce. Akwai ta ɗakin kwanciya, wadda mara lafiya ke zuwa ya same ta. Akwai ta lafiyar al'umma, wadda ita ke fita ta sami mutane, kuma majinyacinta shi ne barikin gaba ɗaya. Ita ke bin katin rigakafin yara, ta san mai ciki nawa ne suka daina zuwa awo, ta leƙa tankin ruwa da makewayi, ta tabbatar an yi wa sojoji alluran da suka dace kafin a tura su wata ƙasa, in gudawa ko ƙyanda ta ɓulla a layi ɗaya ta bi gida-gida kafin ta kai layi na biyu. Duk inda aka sami mai tarin fuka, ƙa'idar aikinta ce ta je gidan ta ƙirga masu shaƙar iska ɗaya da shi. Da gidan hafsa ne ma haka za ta ƙwanƙwasa.

Ba zan yi miki ƙarya in ce tsoronsa ba shi da tushe ko kaɗan. Sirrin mara lafiya a aikin soja bai kai na farar hula kauri ba. Likitan soja na da alhakin sanar da shugabanni ko mutum zai iya wani aiki ko ba zai iya ba, kuma tarin fuka na cikin cututtukan da yawancin ƙasashe suka wajabta a kai rahotonsu ga hukumomin lafiya. Me ake faɗa wa kwamanda, me ake bari a asibiti, wannan ya bambanta daga runduna zuwa runduna, kuma haƙƙinku ne ku tambaye ta ɓaro-ɓaro: wa zai gani, me zai gani, me zai faru da maganar kwas? Nas ta ƙwarai za ta ba ku amsa ba tare da kwana-kwana ba.

Amma ga abin da nake so ki isar masa, don ina ganin nan ne lissafinsa ya karkace. Yana ɓoye abin da an riga an rubuta. A asibitin bariki aka karɓi majinarsa, a can aka gwada, a can aka buɗe masa kati da sunansa da lambarsa. Nas ba ta zo neman labari ba, da labarin ta zo. Layin farko na fayil ɗin nan ya riga ya bushe, babu mai goge shi. Layin ƙarshe ne bai cika ba, kuma shi ke riƙe da alƙalamin. Ko dai a rubuta ya kammala magani ya warke, ko a rubuta ya gudu daga magani. Ki tambaye shi, shi da ya fi mu sanin halin manyansa, wanne daga cikin biyun nan ne zai so kwamitin ƙarin girma ya karanta? Soja dai da cika umarni aka san shi.

Sannan ya zauna ya yi tunanin kwas ɗin kansa. Gudu ne da kaya a baya, fareti cikin rana, ƙarancin barci, da kwana ɗaki ɗaya da mutum gommai. Huhun da aka yi wa maganin sati uku aka bari ba zai ɗauki wannan ba. Ko dai ya yanke jiki ya faɗi a gaban kowa, ko ya yi ta tari cikin dare har wasu su ɗauka, a zo bin sawu, sawun ya dawo kansa, a kuma gano ya sani ya yi shiru. Wannan shi ne gudun gara a faɗa gidan zago. Mai yiwuwa ya rasa kwas na wannan zagayen, ba zan ɓoye miki ba, kuma na san zafin ganin sa'o'inka sun ɗaura igiya ta uku kai kana nan da biyu. Amma kwas na dawowa. Naman huhun da cuta ta cinye ba ya tsirowa.

Kunne ya girmi kaka, bari in ɗan ba ki tarihin yadda aka yi rundunoni suka damu da irin wannan aiki. A 1854, lokacin yaƙin Kirimiya, wata ma'aikaciyar jinya Baturiya mai suna Florence Nightingale ta isa asibitin sojojin Ingila da ke Sukutari, a ƙasar Turkiyya, da ma'aikatan jinya 38. Abin da ta tarar shi ne cuta ta fi harsashi kashe soja nesa ba kusa ba: atini, kwalara, zazzaɓin taifot. Da ta koma gida ta bi alƙaluma, sai ta nuna wani abin da ya fi wannan ban tsoro. Ko lokacin zaman lafiya, sojojin da ke kwance a barikokin Ingila suna mutuwa kusan ninki biyu na fararen hula sa'o'insu, alhali zaɓaɓɓun ƙarfafa ne aka ɗauka. Cunkoso, ɗakuna marasa iska da ƙazanta ne sanadi, kuma ciwon huhu na gaba-gaba. A lokacin ba a ma san ƙwayar cutar ba, sai a 1882 wani likita Bajamushe, Robert Koch, ya gano ta. Tun daga wancan zamani rundunoni suka gane cewa duk wanda ya tara mutane wuri ɗaya, su kwana tare su ci tare, dole ya ajiye mai sa ido a kan lafiyarsu. Wadda ke ƙwanƙwasa ƙofarki magajiyar wannan aikin ce.

Kuma ki cire masa tunanin cewa shi kaɗai aka zaɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 10.8 ne suka kamu da tarin fuka a 2023, kusan miliyan 1.25 suka mutu, alhali cuta ce mai magani. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa shaƙar ƙwayar, a jikin yawancinsu tana kwance shiru, sai jiki ya yi rauni take tashi. Mutumin da ya shekara a daji, ga gajiya, ga ƙarancin abinci da barci, ga kwana a cunkushe, ba abin mamaki ba ne ta tashi a jikinsa. A bakin aiki ya samo ta, kamar yadda wani ke dawowa da tabon harsashi.

Maganar jan fitsari kuwa, da an yi masa bayani tun farko da ba a kai nan ba, ko kuma an yi hankalinsa na wani wuri. Cikin magungunan akwai rifampicin, shi ke rina fitsari, har gumi da hawaye, su koma ja-ja ko ruwan goro. Ba jini ba ne, launin maganin ne ke fita, kuma bayan an gama sha yake ɓacewa. Abubuwan da ya kamata su mai da shi asibiti da gudu daban ne: ido ya yi rawaya irin na ciwon shawara, amai ba ƙaƙƙautawa, ciwo a gefen dama na ciki, ƙuraje su feso, ko gani ya fara dishi-dishi. In ƙafa na masa zugi ko kamar ana tsira masa allura, akwai sinadarin bitamin B6 da ake haɗawa da shi don haka. Barasa da taba kuma ba sa shiri da wannan magani ko kaɗan.

Maganin da aka saba bayarwa na wata 6 ne: wata 2 na farko magunguna huɗu a haɗe, wata 4 na baya guda biyu. Tarkon yana nan daidai inda maigidanki ya faɗa. Cikin sati biyu zuwa uku tari ke lafawa, gumi ya tsaya, ci ya dawo, mutum ya ce ai na warke. Raunanan ƙwayoyin cutar ne suka mutu. Masu taurin kan suna nan laɓe, su ake bi da sauran watannin. A yaren da zai gane, an kori abokan gaba daga cikin gari, shi kuma ya janye dakaru tun ba a share dajin ba. Shan magani a tsaya, a sake sha a tsaya, shi ke haifar da tarin fukan da ba ya jin magani, wanda jinyarsa ta fi wuya, magungunansa suka fi wahalarwa, kuma in ya yaɗa wa yaransa irin shi za su ɗauka. Don haka kada ya lallaɓa ya ɗauko ragowar maganin ya ci gaba da kansa don a zauna lafiya. Ya koma ya faɗi gaskiyar kwanakin da ya tsallake, 16 ne ya ce 16. Da wannan lissafin likita zai duba ko a ɗora daga inda aka tsaya ko a faro daga farko, kuma mai yiwuwa a sake gwada majina. Akwai na'urar GeneXpert da ke nuna cutar cikin kimanin awa biyu, ta kuma nuna ko ƙwayar ta daina jin rifampicin.

Kwano da kofi kuma, ki mayar da su cikin 'yan uwansu yau ɗin nan, ki ba shi haƙuri. A nan shi ke da gaskiya. Tarin fuka ba ya bin kwano, ko cokali, ko musabaha, ko wankin kaya. Ta iska yake tafiya, in mai shi ya yi tari ko atishawa ko magana, ƙwayoyin su yi ta yawo a ɗakin da ke rufe har tsawon sa'o'i. Kin tsare ƙofar da ɓarawo ba ya bi, kin bar wadda yake bi a buɗe, kin kuma ƙona wa mijinki rai a banza. Abin yi shi ne tagogi a buɗe dare da rana, a ɗage labule rana ta shigo, ya rufe baki in zai yi tari, ya sa takunkumi in yana cikin ɗaki da yara, zaman hira a koma waje. Ya daina kwana ɗaki ɗaya da jaririyar har sai asibiti sun ce ya daina yaɗawa. Yawanci bayan kamar sati biyu na shan maganin da ya dace ba fashi, haɗarin yaɗawa na raguwa ƙwarai. Ki gaya masa wannan, domin shi ne hanyarsa mafi kusa ta komawa ɗaukar 'yarsa hankali kwance. Ban haƙurin nan ma zai iya buɗe miki bakin sauran maganar, namiji in an fara ba shi gaskiyarsa yakan saurari nasa kuskuren.

Ke da babban yaron za a tambaye ku alamu, a auna nauyi, wataƙila a ɗauki hoton ƙirji ko a yi gwajin fata ko na jini. Wanda aka samu da cutar a yi masa magani. Wanda ba a samu ba, musamman yara ƙanana, akan ba shi maganin kariya na wata 3 ko 6, gwargwadon irin wanda aka zaɓa, don a kashe ƙwayar tun tana kwance. Iyaye da yawa na ƙi, su ce yaro lafiyarsa lau me zai yi da magani. Kada ki shiga sahunsu. Ki ci gaba da shayarwa. In an ba ki magani mai rifampicin ko danginsa kuma kina shan ƙwayar tazarar haihuwa ko kina da ashana a hannu, ki faɗa, domin yana rage musu ƙarfi, sai a canza miki dabara. Za su kuma nemi yi wa maigidanki gwajin HIV, wataƙila da na sukari. Kowane mai tarin fuka ake yi wa tayin wannan, ba zargi ba ne, kada ya zama sabon abin faɗa a gidanku.

Maƙwabta ba ki bin su bayani, su ma ba sa bin ki. "Maganar lafiyar yara ce" ta isa, kuma gaskiya ce. In zuwan nas da farin kaya ne ke ƙona masa rai, ki same ta a asibiti ku daidaita. Za a iya shirya ya riƙa zuwa shan magani da sassafe kafin fita aiki, ko a koya miki ki zama mai sa masa ido kina cike kati, wasu wuraren ma ta bidiyon waya ake yi. Masu wannan aiki sun saba da mutanen da kunya ta hana su fitowa, ba yau suka fara ganin rufaffiyar ƙofa ba. In kuma maganarki ta ƙi shiga, ki nemi mutum ɗaya da yake jin nauyinsa, yayansa ne, ko wani tsohon samanja mai riƙe sirri, ko limamin bariki. Mutum ɗaya na ce, ba taro ba.

Sai abin da kika ce ba shi ne damuwarki ba. Ni ya dame ni. Mutumin da ke farkawa a firgice yana kiran sunayen abokansa, wanda ke ganin mai ƙwanƙwasa ƙofa a matsayin 'yar leƙen asiri, wanda ya ɗauki launin fitsari alamar ana son halaka shi, jikinsa ne ya dawo, wani ɓangare na zuciyarsa na can a bakin daga yana gadi. Hakan na faruwa ga sojoji da yawa bayan sun ga abin da ido bai kamata ya gani ba. Ga wasu yakan lafa cikin 'yan makonni. In ya wuce wata guda yana hana barci da zaman lafiyar gida, likitoci na ɗaukarsa ciwo ne mai suna da magani, ba ragwanta ba ce, ba kuma hauka ba. Kada ki matsa masa ya ba ki labarin abin da ya faru, kada kuma ki girgiza shi in yana cikin mafarkin, ki kira sunansa daga ɗan nesa ki kunna fitila. Ba sai kin haɗa masa wannan da maganar tari rana ɗaya ba, kaya sai su yi masa yawa. Amma ki sanar da nas ɗin, don ta san da wa take magana, ta kuma san lokacin da za ta haɗa shi da mai duba lafiyar ƙwaƙwalwa. Idan ya taɓa furta cewa ya gaji da rayuwa, ko kika ga yana bankwana da kayansa, wannan ba a kwana da shi, a ranar za ki faɗa.

In za ki fita da safe ki ɗauki katin rigakafin yaran duka biyu, da katin awon nauyin ƙaramar, da kwalin maganin maigidan yadda yake da ragowar ƙwayoyin a ciki. Ki rubuta ranar da ya fara sha da ranar da ya daina a 'yar takarda, don ruɗewa kan sa mutum ya manta a gaban likita. Ki tafi da babban yaron ma, makarantar rana ɗaya ba za ta gudu ba. Allah ya ba su lafiya, ki sake rubuto min in ji yadda jikin 'yar tawa ya yi.